Lakar Gulbi a Tsakar Gida

Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta kallon idona, ba ta zama tabarma ɗaya da ni, in kuwa tana da magana sai ta nemi wanda za ta aika, ko da ina tsaye a gabanta. Da ina yaro ƙannena take aikowa. Da na yi aure aikin ya koma hannun matata. In babu kowa a kusa, kaza ma ta isa: na sha jin Inna tana gaya wa kaza cewa akwai tuwo a rufe a ɗaki, mai jin yunwa ya je ya ɗauka. Na fara da wannan ne don a gane abin da ya sa na yi wata da watanni ina neman amsar tambaya guda, alhali mai amsar tana ɗakin da ke kallon nawa. Tambayar kuwa ita ce ko za ta zauna tare da mu, ko za ta koma.

Bayan rasuwar Baba, Inna ta ci gaba da zama ita kaɗai a ƙauyenmu na bakin gulbi, can ƙasar Ngaski, gaba da Wara. Ƙanwata tana aure a Shanga, ni kuma ina koyarwa a firamare a Yelwa. Na yi roƙo, na aika dattawa, ta ce ba ta ga abin da za ta zo yi gari ba. Sai da santsin laka ya kayar da ita da tulu a ka, gwiwa ta kumbura suntum, maƙwabta suka aiko mini, sannan ta yarda aka sako ta a jirgi. Ko a nan ma da sharaɗi. Ba ta ko ajiye mayafi ba ta dubi matata ta ce, "Ki hwaɗa ma mai gidan ga, magani yak kawo ni. Ruwa na dawowa, ni ko in koma ɗakina."

Baƙo zai ce wane ruwa. Gulbinmu, tun da aka datse shi a Kainji, yana da tafiyarsa da kowa ya sani. Da bazara ya ja da baya, ya bar fili baƙi ƙirin mai laka, mutane su bi shi da shuka. Can wajen ƙarshen damina ya juyo, ya haɗiye duk abin da ya bari. In ya cika, jirgi har bayan gidanmu na ƙauye yake tsayawa. In ya janye kuwa sai an taka doguwar tafiya cikin laka kafin a kai gari, abin da gwiwar Inna ba za ta iya ba. Ta zo mana ruwa yana fara janyewa. Ke nan wa'adin da ta ba ni bazara ɗaya ne da damina.

Gidana yana kan tudu, ta hanyar fita zuwa Birnin Yauri. Jar ƙasa ce da tsakuwa, in ka haƙa kaɗan ka tarar da marmara. Tsakar gidan fili ne fetal, ba ko tsinken ciyawa, sai igiyar shanya da ta ratsa tsakiya. Ina da babban buri a kan filin nan: intalok, wato ƙananan bulon daɓe masu kala, zan shimfiɗa tun daga zaure har ƙofar ɗakuna, irin wanda na gani a gidan wani abokin aikina, in huta da caɓi da damina. Har na sa an zube mini yashi a ƙofar gida. Duk wanda ya zo gaishe ni sai na zagaya da shi ina nuna masa inda kowace kala za ta zauna, ko bai tambaya ba.

Makonnin farko Inna ba ta ce komai game da filin ba, ba ta ma cewa komai game da komai. Tana zama a bakin ƙofarta, ƙafa a miƙe, man zafi a gefe. Ƙullin kayanta yana kan kwalla a bayan ƙyaure yadda aka sauke shi, zane biyu kawai ta zare. Matata ta yi iya yinta. Ta sayo kifi ɗanye, Inna ta tsakura ta ce kifin da ya bi hannu uku kafin ya iso tukunya ya riga ya gaji. Aka kunna mata fanka ta ce tana busar mata da maƙogwaro. Da yamma sai ta juya kujerarta ta fuskanci inda gulbi yake, alhali ba abin da ake gani sai katangata. Tsoro biyu nake ji a lokacin, kuma ban san wanda ya fi ba: ta koma ta sake faɗuwa ba kowa kusa, ko ta zauna a nan tana yanƙwanewa a gaban idona.

Wata rana na dawo daga makaranta, zafi kamar a cire riga a jefar, matata ta tare ni a zaure tana danne dariya. "Malam, taho ka ga abin da Inna ke yi da cokalina."

A gefen dutsen da muke alwala, inda ƙasa ke ɗan samun danshi, Inna ce zaune dirshan tana ƙwaƙular tsakuwa da cokalin miya. Ta yi 'yan ramuka a jere. Ta kwance haɓar zanenta, sai ga irin kuɓewa, guro a bakin mutanenmu, wanda ban san ta taho da shi ba. Tana jefawa tana rufewa da yatsa. Da ta ji motsina ba ta ɗago ba, ta dai ce wa matata, "Ƙasag ga matacciya ta. Guro ba shi son ta. Da dai da laka..." Ta bar maganar a nan.

Matata ta biyo ni ɗaki ta ce, "Ka ji dai." Na ce na ji, amma yashina fa? Ta ce, "Yashinka ba ya rubewa. Tun da tsohuwar ga ta zo, yau na fara ganin ta nemi wani abu." Na yi 'yan gunagunina, don mutum ba ya rabuwa da intalok ɗinsa haka kawai, amma ni ma na ga abin da ta gani. A raina kuma na yi wani lissafi na son kai: wanda ya shuka, ai zai so ya tsaya ya ga abin da ya shuka.

Hutun makaranta na zuwa na nemi mai amalanken shanu, muka gangara bakin ruwa, ƙasa da kasuwa, inda gulbi ya janye. Na gaida masu gonakin wurin, suka nuna mini gefen da ba mai shukawa, na tuɓe takalmi na shiga da shebur. Rabona da taka lakar nan tun ina saurayi. Sanyinta ya ratsa tsakanin yatsuna, warinta na ruɓaɓɓiyar ciyawa da ƙarnin kifi ya bugi hancina, sai na ji kamar Baba zai ƙwala mini kira daga jirgi. Da muka hawo tudu, laka tana ɗiga a titi, majalisar ƙofar gidanmu ta samu abin yi. Wani ya ce, "Malam, gulbin za ka kwashe duka? Ka rage muna na kamun kihi." Wani ya ce da ma ya san intalok ɗin nan baƙi za a yi. Na ce su ci gaba, ranar da suka zo roƙon ganyen miya za mu haɗu.

Da aka juye amalanken farko a tsakar gida, Inna ta taso da sandarta. Ta damƙi lakar, ta matse, ta kai hanci. Ta tsinci wata 'yar katantanwa a ciki, ta goge ta da zane, ta ɗora a kan tagarta. Ranar ta cinye tuwonta tas, har ta ce miyar ta yi.

Aikin da ya biyo baya ni ya faɗa wa. Hannun da ya saba da alli ya kama diga, kwana biyu tafina ya yi ƙulli-ƙulli da ruwa. Ina fasa marmara, ina kwashe tsakuwa da baro, ina cakuɗa laka da takin awaki da toka da ƙaiƙayin shinkafa da matata ta samo a wurin masu inji. Umarni kuwa yana zuwa ta hanyar da aka saba. "Ki ce ramin bai yi zurhi ba." "Ki ce ba kabari anka ce shi gina ba." In matata tana madafa, kaza ce ke karɓar saƙo, kuma kazar nan ta sha labarin ragwancina a bazarar nan.

Ni so na yi a yi filin gaba ɗaya, a shuka, in huta. Inna ta ƙi. Filin gidana yana da ɗan gangare, daga ɗakinta da ke sama zuwa zaure. Ta sa aka yi layi ɗaya na fangali a gindin ɗakinta, ta shuka kuɓewa da yakuwa, ta ce a dakata. Sai da suka tsiro ta ce a yi na ƙasa da shi, aka sa masara da alayyafo. Aka sake dakatawa. Sannan barkono da gauta, sannan dankali can kusa da zaure. Matata 'yar gari ce, gidan 'yan kasuwa ta tashi, ta ce ita wannan jan rai bai gamshe ta ba. Ni kuwa a layi na biyu na gane, na zauna a bakin baro ina dariya. Haka ake shuka a bakin gulbi. Ruwa ya saki nan yau, ka shuka nan; ya ƙara ja baya, ka bi shi da iri. Inna tana bin ruwan da ke janyewa ne a tsakar gidan da ruwa bai taɓa zuwa ba.

Abu ɗaya ta hana. Matata ta samo reshen zogale da ɗan dashen lemo, ta kawo da murnarta. Inna ta dube su ta kau da kai. "A'a, ɗiyata. Abin da za shi nuna kahin ruwa shi dawo, shi aka shibkawa. Icce ba nawa ba na." Matata ta mayar wa mai su, ranta bai so ba.

Dalilin na sani, amma ba daga bakinta ba, Baba ne ya gaya mini muna gyaran komar kamun kifi. A gungu aka haifi Inna, tsibiri a tsakiyar ruwa, kafin a yi datsi. Mahaifinta yana da mangwarori a bayan gida, shi ya dasa su da hannunsa. Tana yarinya aka kwashe su zuwa sabon gari, ruwa ya hau gungun. Shekaru bayan nan kawunan itatuwan suna tsaye a cikin ruwa, busassu, jirage suna ratsawa ta tsakaninsu, kuma duk zuwa kasuwa sai ta wuce ta gansu. Tun daga nan ba ta sake dasa itace ba. Itacen dogon yaro da ke gidanmu na ƙauye ma Baba ne ya dasa, ita ko ruwa ba ta taɓa zuba masa ba.

In aka ce in zaɓi kwanakin da na fi jin daɗi a rayuwata, na bazarar nan zan ɗauka, duk da zafin da aka yi. Na kafa rumfa a gefen fangalin farko, da itatuwa da zana, na kawo randa na girke a kan jiƙaƙƙen yashi, wato dai yashin intalok ya fara samun aiki. Wuta kuwa kullum a ɗauke, ga datsin da ke ba ƙasa wuta a maƙwabtanmu, mu muna fifita da murfin kwano. Ba wanda ya damu. Bayan azahar sai a kawo mangwaro cike da bokiti a jiƙa a ruwa, yaranmu su sha har gwiwar hannu, su yi ta jifa da ƙwallon duk inda suka ga dama. Mai nono ta biyo, a dama fura. Ƙadangaru su yi ta gyaɗa kai a kan katanga. Rediyo yana magana shi kaɗai, ni ina gyangyaɗi da littafi a fuska.

Da yake Inna ba za ta sake ba in ina wurin, sai na raba rumfar biyu da zana, mata a can, ni a nan. Ta cikin zanar nake jin komai. Na ji ta tana koya wa matata yadda ake tsinke kan yakuwa don ta yi rassa. Na ji matan maƙwabta sun fara shigowa, wai sun zo ganin lambu, su zauna har la'asar, ita kuma tana ba su labarin shekarar da dorina ta shiga gonar shinkafarsu. Na ji dariyarta, wadda na manta yadda take. Tsakanina da ita bai fi a miƙa hannu ba, zana ce kawai, kuma tun da aka yaye ni ban taɓa zama kusa da uwata haka ba. Wani lokaci sai in ga ƙwaryar fura ta ɓullo ta ƙarƙashin zanar, ba a ce ga mai turowa ba.

Rana na yin sanyi sai ban ruwa. Ni ne mai jan guga a rijiya, ita ce mai ƙwarya. Ba ta yarda a kwarara, da hannu take watsawa, a hankali, fangali bayan fangali. Ruwan wankin shinkafa da na alwala duk ba a zubarwa, kowanne da inda ake kai shi. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar laka ya cika gidan, har mai wucewa a waje yakan rage tafiya. Akuyar maƙwabcina ma ta ji labari, ta shigo ta yi wa alayyafo aski, dole na yi wa zaure ƙaramin ƙyaure da tsohon kwano. 'Yan majalisa kuwa, kamar yadda na faɗa, ɗaya bayan ɗaya suka fara aiko da kwano, wai a taimaka da ganyen miya. Na ba su, amma sai da kowa ya ji tarihin abin da ya faɗa.

Da ruwan sama ya sauka, gidan ya rikiɗe. Kabewa ta haye rumfa, masara ta wuce kaina, kuɓewa kullum sai an tsinka, in an yi fashin kwana ta tsufa. Inna ta ajiye sanda. Na gan ta tana tsugunawa tana tashi ba ta dafa komai ba, na gode wa Allah, na kuma tsorata, don maganin da ya kawo ta ya yi aiki. Ƙullin kayan nan yana nan a kan kwalla. Kullum in zan wuce ƙofarta sai na saci kallonsa.

Muna cikin dogon hutu, wata safiya na fito na tarar da layin da ke kusa da zaure wayam. An tone dankali, an tuge ganyen an tara a gefe. Na fara zagin akuya, matata ta ce in bar baiwar Allah, Inna ce. Jiya mai kawo kifi ta faɗa mata cewa ruwa ya juyo.

Kwana kaɗan ta kama layin barkono. Barkonon nan yana kan ganiyarsa, ga fure ga 'ya'ya, ta riƙa tuge shi tana karkaɗe saiwar. Matata ta kasa haƙuri. "Haba Inna! Ruwa ba shi hawowa tudun ga. Ran da yak kawo nan ai garin ya ƙare." Inna ba ta tsaya ba. Ta ce, "Na san hakanan, ɗiyata. Amma ba ni iya kwana ina ganin su tsaye." A bakin gulbi daga ƙasa ruwa ke fara ci, don haka daga ƙasa ake fara kwashewa. Yadda ta sauka da shuka layi-layi, haka ta juyo tana hawowa, kowane 'yan kwanaki layi ɗaya ya tafi. Ni kuwa ina kallon baƙar ƙasa tana matsowa wajen ɗakinta, na san in ta kai bango wa'adina ya cika.

Ta yanka kuɓewa ta shanya a rumfa duk ranar da aka samu rana, ta busar da barkono da yakuwa, ta ɗaɗɗaure a tsumma. Sai na lura kashi biyu take yi, ɗaya babba, ɗaya ƙarami. Ban buƙaci a yi mini bayani ba: babban namu, ƙaramin guzuri. Raina ya ɓaci, kuma da yake ba zan iya yi da ita ba, sai na huce a kan kowa. Na yi wa matata faɗa a kan gishiri, na kori yara daga rumfa, na ce da na sani da intalok ɗina na shimfiɗa. Matata ta bar ni na gama, ta ce, "In kana son sani, ka tambaye ta." Na ce ita ta tambaya. Ta ce ta tambaya, Inna ta ce mata miya na ƙonewa.

Na gwada sau ɗaya. Na same ta tana ɓare masara, na tsuguna nesa kaɗan, na ce, "Inna." Ta juya ta fara yi wa kaza faɗa. Na daɗe a tsugune, daga ƙarshe na ce, "Ya ƙahwar?" Ta gaya wa kaza ƙafa alhamdu lillahi. Na tashi.

A layin ƙarshe, na gindin ɗakinta, akwai abin da na gani tun tsakiyar damina ban gaya wa kowa ba. Ɗaya daga cikin ƙwallayen mangwaron da yara suka yi jifa da su ya faɗa ƙarƙashin kuɓewa, jikin bango, ya tsiro. Ɗan tsiro ne da bai kai gwiwa ba, sabon ganyensa jaja-jaja, yana laushi. Na san Inna ta gan shi, don ko ciyawa ba ta tsira a fangalinta ba da saninta ba. Na kuma san ra'ayinta game da itace.

Ranar da ta ɗauki fartanya ta nufi layin nan, ban iya tsayawa ba. Na sa riga na gangara bakin ruwa. Gaskiya ne, ya juyo. Inda na ɗebi laka ya nutse, ruwan ya yi fari-fari yana tafe da ciyayi, masu gonaki suna ta kwashe abin da ya rage a guje. Na tambayi masu jirgi ranar da na Wara ke tashi, suka faɗa mini. Na zauna a kan wani kifaffen jirgi ina shirya abin da zan yi: in gyara mata rufin ɗakinta na ƙauye, in roƙi maƙwabta su riƙa ɗebo mata ruwa, in riƙa zuwa duk hutu. Na shirya komai tsaf, zuciyata dai ba ta karɓa ba. Da rana ta take na hawo gida.

Tsakar gidan an share ta fes, baƙar ƙasa daga zaure har bango. Idona ya tafi gindin ɗakinta. Babu kuɓewa, babu tsiron mangwaro, sai ɗan rami a inda yake. Na tsaya riƙe da ƙyauren kwano.

Sai na ga matata tsugune a tsakiyar fili, daidai ƙarƙashin igiyar shanya, hannunta dumu-dumu da laka. A gabanta an kafa 'yan sanduna a zagaye, an naɗe su da guntun koma. Na san komar nan, na san ɗinkin da ke jikinta, ta Baba ce. A cikin ƙullin kayan Inna take, ke nan an kwance ƙullin. A tsakiyar sandunan ga ɗan mangwaron a tsaye, an yi masa gurbi an cika da ruwa.

Inna tana wanke hannu da buta, ta ba ni baya. Ta ce wa matata, "Ki hwaɗa ma mai gidan ga, jikin bango saiwa na hwasa gini, shi as sa munka maido shi nan. Igiyar shanyar ga kuma shi ɗauke ta. Icce in ya girma wuri shika so." Ta zuba sauran ruwan butar a gindin tsiron. "Kuma shi nemi mai zuwa Shanga, a kai ma ƙanwa tai guron da na ƙulla mata."

Matata ta buɗe baki za ta maimaita mini, kamar yadda aka saba, sai na riga ta. Na ce, "To, Inna." Ba ta juyo ba. Ta dubi kazar da ke tono a sabuwar ƙasa ta ce, "Wani kuma shi bar tsayi cikin rana, ga hura can an aje."

Na shiga bayan zanata na zauna, ƙwaryar fura a gabana, na kasa sha. Kuka na yi, ni da furfurata, ina toshe baki da hula don kada a ji a ɗaya gefen, kodayake na san ana ji.

Mangwaron ya wuce katanga yanzu. Har yau duk shekara in ruwa ya juyo Inna sai ta kwashe lambunta daga ƙasa zuwa sama, barkono da furensa, ni kuma in riƙe mata baro. Ragowar yashin intalok na ba maƙwabcina mai akuya. Bana itacen ya yi furen fari, kuma tun kafin ya ɗaura 'ya'ya ta aiko matata ta gaya mini cewa in sun nuna kada a yar da ƙwallon, akwai wuri a bayan madafa.